Yadda ake gane ɓarɓashin da ke yawo a cikin ruwan wankin fim, da abin da za a yi masa

Wata uku da suka wuce ka haɗa lita ɗaya ta dibelofa, wato ruwan maganin da ke fito da hoto a jikin fim, ka toshe kwalbar da kyau ka ajiye. Yau ka dawo daga wajen biki da fim biyu a aljihu, ka ɗauko kwalbar ka ɗaga ta saitin taga, sai ga wasu ƙananan abubuwa suna lilo a ciki. Duk mai wanke fim ɗin baƙi da fari da hannunsa ya taɓa tsayawa haka, zuciyarsa ta rabu biyu. Zubarwa ba ƙaramar asara ba ce a wajenmu, domin garin maganin nan ya yi wuya a kantuna, sai an yi saƙonsa daga Legas ko daga ƙasar waje a zauna jira. Amfani da shi a makance kuma ya fi zubarwar tsada, tunda fim sau ɗaya ake wanke shi, abin da ya fito shi ke nan.

Na koyi wannan ne da fim ɗin hawan daushe. Na haɗa D-76, wato wani dibelofa na kamfanin Kodak, da ruwan jarka da na saya a hannun mai garuwa, bayan sati biyu na ga farin ɓarɓashi a gindin kwalba, na girgiza shi na zuba a tankin wankin fim ba tare da na tace ba. Da dodon hoton ya bushe na buga shi a takarda, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar kashin ƙuda a kan farin rawanin mahayan, a kan goshin doki, har a sararin sama. Maigidan da ya koya mini sana'ar ya karɓi fim ɗin ya ɗaga shi ga haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni daga ina na samo ruwa. Maganin lafiyarsa ƙalau, ya fito da hoton yadda ya kamata. Ɓarɓashin ne ya manne wa fuskar fim, ya tare wurin bai samu magani ba. Minti goma na tacewa da ya ishe ni. Har yau abin yana ci mini rai, domin hawan wannan shekarar ba zai dawo ba.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu fara shi ne tambayoyi biyu ne a gabanka, kuma kowace da mai amsa ta. Ido yana gaya maka wace irin dauɗa ce a kwalbar. Ko maganin yana da rai ko ya mutu, wannan fim ne kaɗai zai gaya maka. Akwai dibelofa mai ɓarɓashi da ke aiki sarai, akwai kuma wanda ya yi garau kamar ruwan sha amma ba ya iya baƙanta komai.

Mataki na farko: kada ka girgiza

Hannu yakan so ya girgiza kwalba da zarar ido ya ga wani abu. Ka danne. Girgizawa tana tarwatsa abin da kake son karantawa, tana kuma cusa iska cikin maganin, iska kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ka sa safar hannu ta roba, domin sinadarin metol da ke cikin yawancin waɗannan magunguna yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da tsagewar fata, kuma idan jiki ya fara ƙinsa da wuya ya daina. Ka ajiye kwalbar a tsaye inda ba za a taɓa ta ba har ta kwana. Da safe ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocila ta gefen kwalbar, ba ta sama ba. Idan baƙar kwalba ce da ba a ganin cikinta, ka tsiyayi kaɗan a hankali cikin kofin gilashi mai tsabta da ka keɓe don wannan aiki, ka ɗora shi kan baƙin ƙyalle, sannan ka sake dubawa a kan farar takarda. Farin ɓarɓashi a kan baƙi yake fitowa, baƙin kuma a kan fari.

Ka duba ranar da ka rubuta a jikin kwalbar. Kodak sun ce D-76 da aka haɗa yana kai wata 6 a cikakkiyar kwalba mai toshe, wata 2 idan rabinta iska ce. Kamfanin Ilford sun ba nasu dibelofan, ID-11, wata 6 a cike, wata 1 a rabi. Waɗannan lissafi na ɗaki mai sanyi ne. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, ni rage su nake yi.

Mataki na biyu: karanta abin da ka gani

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Wanda aka fi gani a ƙasarmu shi ne farin ɓarɓashi ko farin hazo mai kwanciya a gindi kamar ƙullun koko da ya tsaya. Wannan daga ruwa yake. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, irin ruwan da sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, wanda kuma ke barin farin ɓawo a cikin buta. Shi kuwa D-76, tun da Kodak suka fito da shi a 1927, haɗinsa a kowace lita shi ne metol giram 2, haidirokwinon giram 5, boraks giram 2, sai sodiyam salfait har giram 100. Wannan tulin salfait idan ya gamu da farar ƙasar cikin ruwa sai su haɗu su zama wani gari da ba ya narkewa. Garin da ake sayarwa a leda yana zuwa da abin da ke riƙe farar ƙasar don kada ta fito, amma yana da iyaka, kuma mai auna nasa haɗin da kansa ba shi da wannan kariya sai ya ƙara ta. Ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta shi ma yakan bar farin gajimare mai laushi. Labari mai daɗi a nan shi ne irin wannan dauɗa ba ta kashe magani. Abin da ta ci daga cikin giram 100 ɗin nan kaɗan ne ƙwarai. A tace kawai.

Na biyu shi ne ƙwayoyi masu ƙyalli, kamar gishiri ko sukari, wani lokaci kamar ƙananan allurai, a gindi ko manne da bangon kwalba. Wannan maganin ne da kansa ya fita daga ruwa saboda sanyi. Yawanci firji ne ke jawo shi: mutum ya ga zafin gari ya yi yawa, ya tausaya wa maganinsa ya sa shi a firji. Daren hunturu a wuri irin su Jos ma yana iya yi wa kwalbar da aka bari a ƙasan siminti haka. Wannan ba dauɗa ba ce, kuma kuskure ne a tace shi a zubar, domin abin da ka zubar wani ɓangare ne na ƙarfin maganin.

Kusa da shi akwai garin da bai narke ba tun ranar haɗi. Idan ka tuna ka haɗa da ruwan da bai yi zafi sosai ba, ko ka gaji da motsawa ka bari, to shi ne. Mai haɗa nasa da sikeli ya san metol ba ya son narkewa idan salfait ya riga shi shiga ruwa da yawa, shi ya sa ake fara jefa ɗan tsunkule na salfait, a narkar da metol sarai, sannan a zuba sauran. Wannan nau'in ya fi farar ƙasa haɗari ga fim: ƙwayar maganin da ta sauka a kan fim tana ƙona wurin ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci da 'yar wutsiya kamar tauraruwa mai wutsiya.

Na huɗu: toka-toka ko baƙin laka, da wani dishi-dishi mai kama da madubi a bangon kwalba. Wannan sai a maganin da ake mayarwa kwalba bayan an yi wanki da shi. Azurfa ce. Salfait yana narkar da kaɗan daga cikin azurfar da ke jikin fim, ita kuma daga baya ta kwanta. Tare da ita za ka ga 'yan yage-yage marasa launi masu laushi, waɗanda suka ɓanɓaro daga gefen fim, musamman idan an yi wanki da ruwa mai ɗumi. Idan kuma maganin ya ɗauki launin shuɗi, ko hoda, ko shunayya, kada ka damu da shi, rinin bayan fim ne ya wanku a ciki. Laka tana tacewa, amma tana tuna maka ka ƙirga fim nawa ka wanke. Ilford sun ce lita ɗaya ta ID-11 tana ɗaukar fim 10, ana ƙara kashi 10 cikin ɗari na lokaci ga kowane fim da ya biyo baya. Idan ba ka riƙe lissafi ba, ka ɗauka ya kusa ƙarewa.

Na biyar shi ne wanda ba na yi wa sassauci: zare-zare masu yauƙi, ko wani curi kamar auduga da ke shawagi a tsakiya, ba ya kwanciya ko ya kwana. Fumfuna ce ko wata halitta da ta samu abinci, yawanci daga ragowar fim ko daga kwalbar da ba a wanke da kyau ba. An fi ganinta da damina, kuma a maganin da aka sirka da ruwa aka ajiye. Tacewa tana cire curin, ba ta cire abin da ya haife shi. Ni zubarwa nake yi, har da kwalbar idan ta roba ce.

Sai ka sansana daga nesa, kana kaɗo iskar bakin kwalbar da hannu. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka kuma ga ɓarɓashi ruwan ƙwai-ƙwai, to farar wuta ce, kuma ba daga dibelofa take fitowa ba, daga fiksa take, wato maganin da ke tabbatar da hoto bayan dibelofa, wanda tsofaffin masu hoto ke kira haifo. Ko dai kwalbar ta taɓa ɗaukar fiksa, ko mazurari ɗaya kake amfani da shi, ko ma ka ɗauko kwalbar da ba ita ba. Dibelofan da fiksa ya shiga ba ya gyaruwa.

Jan ɓarɓashi tsatsa ce, daga tankin ruwa na ƙarfe ko daga murfin kwalba. Ga D-76 tacewa takan wadatar. Ga dibelofan Xtol, wanda Kodak suka fitar a 1996, ƙarfe guba ne, domin maganinsa dangin bitamin C ne kuma ƙarfe yana saurin lalata shi. Sharrin Xtol shi ne idan ya mutu ba lalle ya canja launi ba. Dibelofan Rodinal kuwa akasinsa ne. Tun 1891 da Agfa suka fito da shi aka san halinsa: ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya tara ƙwayoyi a gindi har su yi ƙara idan an motsa kwalbar, amma ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. Shi ba a tace shi. A zuƙo daga sama da sirinji, a sirka, a yi gwaji.

Masu wankin fim mai launi na C-41, ku kuma abin da kukan gani shi ne baƙin ɗigo mai maiƙo kamar kwalta yana yawo a sama ko ya shafe wuyan kwalba. Alamar iska ta ci maganin ce, kuma yana mannewa a fim ya ƙi fita.

Mataki na uku: gwajin ɗumi

Idan fari ne abin da ka gani kuma ba ka tabbatar ko farar ƙasa ce ko maganin da ya daskare ba, ɗumi zai raba gardama. Ka zuba ruwa mai zafin digiri 40 a roba, ka auna da ma'aunin zafi, ka tsoma kwalbar a rufe har kafaɗarta. Kada ka ɗora magani a wuta kai tsaye, kada kuma ka yi amfani da tukunyar girki. Bayan kowane minti biyar ka ɗauko ka juya ta a hankali, ƙasa ta koma sama, sau uku ko huɗu. Ka sabunta ruwan roba idan ya huce. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ƙwayoyin sanyi da garin da bai narke ba za su ragu har su ɓace. Abin da ya yi kunnen ƙashi ya ƙi narkewa, wannan na tacewa ne. Ka bar kwalbar ta huce da kanta, ta sake kwana.

Mataki na huɗu: tsiyaya, sannan tacewa

Ka tanadi sabuwar kwalba ko wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai dibelofa, da mazurari na roba, da takardar tace gahawa. Idan babu takardar, ka cusa curin auduga mai tsabta ta kemis a maƙogwaron mazurarin, ba da ƙarfi ba. Kada ka yi amfani da takardar goge hannu ko tsumma, domin za su zuba maka zare fiye da abin da suka cire. Kafin magani ya taɓa matacin, ka bi shi da ruwa mai tsabta sau biyu ka zubar, don gashin takardar ya fita.

Yanzu ka karkata kwalbar a hankali ka tsiyaye na sama, ba tare da ka tayar da na ƙasa ba. Ka jingina bakin mazurarin da bangon sabuwar kwalba don maganin ya gangara, kada ya faɗo yana kumfa. Idan ka iso ga yatsa ɗaya na ƙarshe inda gugguɓin yake, ka tsaya, wannan ka haƙura da shi. Sau ɗaya ya isa, domin kowace tacewa wanka ce da iska. Idan lokacin hunturu ne, ka rufe taga ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tukuna, ka kuma kifa faranti a kan mazurarin yayin da yake ɗiga. Ƙurar hazo tana iya mayar maka da abin da ka cire kafin ka gama.

Ka buɗe takardar ka duba abin da ta kama. Sau da yawa a nan ne za ka tabbatar da zatonka, ko ka ga abin da ba ka zata ba, irin su ɓurɓushin kwalin da ke cikin murfi wanda magani ya cinye.

Mataki na biyar: bari fim ya yi magana

Ba a tsallake wannan, ko maganin ya yi garau. Ka yanki ɗan harshen fim, wato guntun da ke leƙowa daga gwangwaninsa wanda haske ya riga ya taɓa, tsawon yatsa ɗaya. A cikin hasken ɗaki za ka yi. Ka zuba magani a ƙaramin kofi, ka kai shi digiri 20 ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ƙanƙara, domin a zafin garinmu magani mai rauni ma yakan nuna kamar yana da ƙarfi. Ka tsoma rabin guntun, rabi a waje, kana motsawa jefi-jefi. Cikin minti ɗaya ko biyu ya kamata ya fara duhu. Ka bar shi ya cika lokacin da aka tsara wa wannan fim, misali minti 7 da rabi ga fim ɗin HP5 Plus a cikin ID-11 da ba a sirka ba. Ka ɗauraye, ka sa dukkan guntun a fiksa har rabin da bai taɓa magani ba ya zama garau.

Ka ɗaga shi ga ƙwan lantarki. Rabin da ya sha magani ya kamata ya yi baƙin da da ƙyar za ka hango ƙwan ta cikinsa. Hanya mafi inganci ita ce ka kwatanta shi da harshen wani tsohon fim irinsa da ka wanke lokacin da maganin yake sabo, shi ya sa nake ajiye guda ɗaya a cikin ambulan da kwanan wata. Idan toka-toka ya fito, maganin ya tafi, kuma ƙara lokaci ba zai dawo da shi yadda za ka dogara da shi ba. Ka kuma duba fuskar guntun da madubin ƙara girma ko akwai ɗigo.

Gwajin nan yana gaya maka magani yana da rai, amma ba ya auna ƙarfinsa daidai. D-76 da ya daɗe a ajiye ma yakan ƙara kaifi, hoto ya fito da baƙi da fari masu tsanani fiye da yadda ka saba. Don haka idan ya ci gwajin, fim na farko da zai shiga ya zama wanda ka ɗauka a tsakar gida, bishiya da bango da akuya, abin da za ka iya sake ɗauka gobe. Fim ɗin ɗaurin aure, ko na suna, ko hoton tsohon da ba ka san ko za ka sake samunsa a zaune ba, waɗannan sabon haɗi nake yi musu, ko da zan jira wata guda kafin saƙo ya iso. Fim ɗin da aka ɗauka yana iya jira a wuri mai sanyi.

Idan kuma tabon ya riga ya hau wani fim, ka karanta shi kafin ka ɗora wa kwalba laifi. Ɗigo fari garau mai gefe ba daidai ba a dodon hoto, wanda ke fitowa baƙi a takarda, ɓarɓashi ne ya tare magani. Idan zagaye ne sumul, ƙwayar iska ce, maganinta ka buga gindin tanki a tebur sau biyu bayan ka zuba. Abin da ke zaune a saman fim har farce na iya jinsa, wannan daga ruwan ɗauraya ko ƙurar shanya ya zo, kuma sau da yawa sake ɗauraya da ruwa mai tsabta yana fitar da shi.

Ranar haɗi na gaba

Ruwa za ka fara gyarawa. Mafi kyau shi ne tataccen ruwan nan da ake sayarwa don batirin mota, amma ka tambayi mai sayarwa, ka kuma duba da idonka ka tabbatar cewa ruwan zalla ne, ba mai asid ba, domin sukan zo a irin jarka ɗaya. Idan bai samu ba, ka tafasa ruwa minti goma, ka rufe shi ya kwana, ka tsiyayi na sama ka tace. Tafasawa tana kwantar da wani kaso na farar ƙasa, tana kuma korar iska. D-76 yana son ruwa mai digiri 50 zuwa 55, ID-11 wajen 40, Xtol kuwa a zafin ɗaki ake haɗa shi. Ka riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan kana motsawa da sandar roba har ya ɓace, ka haɗa ledar gaba ɗaya, kada ka raba garin biyu, domin sinadaran ba su gauraya daidai a cikin leda ba. Ka bar shi ya kwana kafin ka yi aiki da shi.

Maimakon babbar kwalba ɗaya, ka raba lita zuwa ƙananan kwalaben gilashi huɗu masu mililita 250, kowace a cike har wuya, da murfin roba. Ranar wanki ka buɗe ɗaya, ka sirka ta da ruwa daidai yawanta, ka wanke fim ɗaya, ka zubar. Da wannan kaɗai ka rabu da lakar azurfa da fumfuna da yawan iska, tunda ba abin da ke komawa kwalba. Lokacin wankin sirkakken magani ya fi tsawo, ka duba jadawalin fim ɗinka.

Wurin ajiya ya zama mai duhu da sanyi-sanyi, ba firji ba. Ni a cikin bokiti mai murfi nake jera nawa, a ɗakin da rana ba ta bugawa, cikin kabad mai kwaɗo. Kwaɗon nan dole ne a gidan da ke da yara, kuma kada ka taɓa zuba magani a gorar lemo ko ta ruwan sha. Kowace kwalba ka rubuta mata suna da ranar haɗi da irin ruwan da ka yi amfani da shi. Mazurari biyu, ɗaya na dibelofa ɗaya na fiksa, ka ɗaura wa na fiksa jan zare. Wanda ya mutu kuma kada ya je kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha ko kwatar da ke bi ta ƙofar maƙwabta. Ka sirka shi da ruwa mai yawa ka zuba a masai, shi kaɗai, ba tare da fiksa ba.